Champions na 1975: me ya kashe haɗin gambizar Marvel a fitowa ta 17?

Tambayar da aka yi mini ita ce: "Na ga bangon wata tsohuwar mujallar labarin zane ta Marvel, Black Widow da Hercules da Ghost Rider da wasu samari biyu duk a tawaga guda. Wace tawaga ce wannan? Me ya sa ba a jin ɗuriyarta? Kuma ta cancanci mutum ya ɓata lokacinsa ya neme ta?"

Ɗan'uwa, abin da ka gani shi ne The Champions. Fitowar farko tana ɗauke da kwanan watan Oktoba 1975, ta ƙarshe kuma, wato ta 17, Janairu 1978. Samarin biyu da ba ka gane ba Angel ne mai fukafukai da Iceman mai ƙanƙara, dukkansu daga cikin X-Men na asali. Ta cancanci a karanta, amma ba dukkanta ba, kuma zan faɗa maka inda za ka fara. Sai dai ina so in fara da gyara wata magana da ake yawan yi a kanta, domin duk wanda ka tambaya zai ce maka ta mutu ne saboda mutanen cikinta ba su dace da juna ba. Ni ban yarda da wannan ba. Rashin dacewa bai taɓa kashe irin wannan labari ba, sau da yawa ma shi ke raya shi. Abin da ya kashe Champions shi ne an tara mutum biyar ba tare da an ba su dalilin zama tare ba, kuma da dalilin ya leƙo da kansa a fitowa ta 5, sai aka sake shi ya wuce.

Asalin tunanin na marubuci Tony Isabella ne, kuma ba tawaga ba ce a farko. Shawarar da aka kai wa Marvel ƙarama ce mai daɗi: labarin abokai, Angel da Iceman, suna yawo a kan hanyoyin Amurka, duk garin da suka sauka su tarar da matsalar wani su taimaka. Akwai dalilin da ya sa waɗannan biyu suke zaune ba aiki. Tun daga 1970 mujallar X-Men ta daina kawo sabbin labarai, tsofaffi kawai ake sake bugawa. A 1975 aka farfaɗo da ita da sababbin fuskoki a Giant-Size X-Men, sannan a fitowa ta 94 yawancin tsofaffin suka tattara kayansu suka bar gidan, Cyclops kaɗai ya tsaya. Ga yara biyu sanannu, ɗaya ɗan masu kuɗi mai ji da kyansa, ɗaya mai barkwanci da ke son ya yi karatu ya zama mutum kamar kowa. An kuma so a haɗa su da Black Goliath, wato Bill Foster, masanin kimiyya baƙar fata mai iya girma ya zama ƙato, amma sai aka ware masa mujallarsa ta kansa, wadda ita ma fitowa 5 kawai ta yi a 1976.

Babban editan Marvel a lokacin, Len Wein, shi ya sauya fasalin abin. Ya ce tawaga sai ta kai mutum biyar, sai an sa mace, sai an sa ƙaƙƙarfa mai ɗaga dutse, kuma sai an sa wanda yake da mujallarsa ta kansa don ya jawo masu saye. Da wannan jerin sharuɗɗa aka shiga neman wanda ba shi da aiki. Mace: Black Widow, wadda ba ta daɗe da rabuwa da Daredevil ba. Ƙaƙƙarfa: Hercules, ɗan Zeus a tatsuniyoyin Girkawan dā, wanda Marvel ta mayar mashayi mai cika baki da son dambe. Kujera ta biyar an duba Luke Cage da Captain Marvel da Son of Satan, daga baya aka tsaya a kan Ghost Rider, wanda dama mujallarsa tana hannun Isabella. Ka lura da yadda aka yi zaɓen. Ba a tambayi wa zai yi faɗa da wa ba, wa zai so wa, wa ke bin wani bashi. An tambayi wane gurbi ne bai cika ba.

Hakan ya bayyana ƙarara a labarin farko. Kowa ya samu kansa a harabar jami'ar UCLA da ke Los Angeles a rana ɗaya, kowa da uzurinsa. Angel da Iceman ɗalibai ne. Black Widow ta zo neman aikin koyar da harshen Rasha. An gayyaci Hercules ya yi lacca a kan tatsuniyoyin Girka. Johnny Blaze, wato Ghost Rider, hanya ce ta biyo da shi a kan babur ɗinsa. Sai dodanni suka fara ɓullowa, domin Pluto, sarkin ƙarƙashin ƙasa a waccan tatsuniya, yana son a tilasta wa Hercules auren Hippolyta sarauniyar mayaƙan mata, a tilasta wa Venus auren Ares, don ya ɗaure hannun waɗanda za su iya tare masa hanya zuwa karagar Zeus. An shirya labarin ne a matsayin babbar fitowa guda mai shafuka da yawa, da kamfanin ya daina irin waɗannan manyan fitowa sai aka yanka shi gida uku. Kuma tsakanin fitowa ta 1 da ta 2 sai da aka yi wata uku.

Labarin ba shi da laifi a matsayin labarin Hercules. Matsalar ita ce na Hercules ne shi kaɗai. Me ya haɗa tsohuwar 'yar leƙen asirin Tarayyar Sobiyat da rikicin aure a dutsen Olympus, mazaunin Zeus? Me ya haɗa Johnny Blaze, mutumin da ya ƙulla yarjejeniya da shaiɗan don ya ceci uban riƙonsa daga ciwon daji, wanda kansa ke zama ƙoƙon kai mai ci da wuta, da yara biyu 'yan jami'a? Sun yi kama da fasinjojin motar haya da ta mutu a tsakiyar hanya: dole kowa ya sauko a tura tare, amma da an isa tasha babu abin da zai hana kowa kama gabansa. Mai karatu yana jin haka ko bai iya faɗa ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce ba rashin dacewa ba ne. Dubi abin da ke gefenta a kan teburin mai sayar da jaridu a wannan shekara. The Defenders ta fara da Doctor Strange da Hulk da Namor, daga baya Silver Surfer, mutanen da ko gaisuwa ba ta haɗa su da daɗi, amma ta yi fitowa 152, daga 1972 har 1986. Sirrinta shi ne marubutanta sun rungumi abin: suka ce mu ba tawaga ba ce, ba mu da tsarin mulki, ba mu da katin shaida, gidan Doctor Strange ne kawai wurin da waɗanda ba su da wurin zuwa suke taruwa. Kaɗaici ne ya haɗa su, kuma Steve Gerber, da yake rubuta ta a daidai wannan lokaci, ya san yadda zai juya wannan. Sabbin X-Men kuma, waɗanda shi Len Wein ɗin da kansa ya rubuta fitowarsu ta farko tare da mai zane Dave Cockrum, sun fi Champions zama haɗin gambiza: Storm daga Kenya, Nightcrawler daga Jamus, Colossus daga Rasha, Wolverine daga Kanada, Banshee daga Ireland. Amma duniya tana ƙinsu saboda abin da aka haife su da shi, kuma suna da makaranta da malami guda. Ko sun yi faɗa da safe, da dare ƙarƙashin rufi ɗaya za su kwana, don babu inda za a karɓe su. Champions ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hercules yana da Olympus. Black Widow tana iya komawa aikinta kowace rana. Ghost Rider yana da mujallarsa inda yake rayuwa ta dabam, kuma can ɗin ba a cika ambaton cewa yana cikin wata tawaga ba. Iceman kuwa tun daga farko maganarsa ɗaya ce, yana so ya bar wannan sana'a. Angel kaɗai ke son abin da gaske, kuma shi ne mai biyan kuɗi, da dukiyar da ya gada ta gidansu, wato gidan Worthington.

Dalilin da na ce ya leƙo shi ne taken da suka ɗaura wa kansu: jaruman talaka. Avengers, babbar tawagar jaruman Marvel, suna New York suna faɗa da masu son cinye duniya, su kuma za su zauna a Los Angeles su saurari ɗan ƙaramin mutum da babu mai sauraronsa. A 1975 wannan ba ƙaramar magana ba ce. Amurka tana fitowa ne daga karayar tattalin arziki da ta biyo bayan takunkumin man fetur na 1973, rashin aikin yi ya kai kashi 9 cikin 100 a watan Mayun 1975, birnin New York kansa ya kusa kasa biyan bashinsa a wannan shekara. Fitowa ta 4, wadda Chris Claremont ya rubuta, ta ɗan taɓa gefen abin da labarin wani likita da ke gwaji a kan marasa lafiyan da ke hannunsa don ya mayar da su mayaƙa. Amma fitowa ta 5 da ta 6 su ne zuciyar mujallar gaba ɗaya.

A nan aka kawo Stuart Clarke. Injiniya ne mai ƙaramin kamfani, ya ƙera wata rigar ƙarfe mai ƙara wa mutum ƙarfi, karayar tattalin arziki ta ci kamfaninsa, masu bin bashi suka taso. Sai ya sa rigar da kansa, ya ɗauki sunan Rampage, ya tafi fasa banki, yana lallashin zuciyarsa da cewa ai kuɗin da ke banki gwamnati ta yi musu inshora, babu talakan da zai yi asara. Tsaya ka dubi abin da ke gaban marubuci a nan. Mugun labarin shi ne ainihin talakan da tawagar ta ce ta zo karewa. Wanda ke tare masa hanya kuma matashi ne da bai taɓa neman na abinci da guminsa ba, tare da ɗan sarkin Olympus da bai san ma'anar haya ko albashi ba. Wannan rikici ne da babu wata tawagar Marvel da ke da irinsa a lokacin. Da an bi wannan hanya, da kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin ya samu abin faɗa: Black Widow da ta tashi a ƙasar da ke iƙirarin mulkin ma'aikata, Johnny Blaze da ya tashi a cikin 'yan wasan babur masu yawo gari-gari, Bobby Drake, wato Iceman, ɗan gidan masu matsakaicin hali. Bambancinsu da ya zama abincin labarin. Har yau in na sake karanta waɗannan fitowa biyu ina jin takaicin abin da aka bari. Ba a fi fitowa ɗaya ba Rampage ya koma ɗan koren wasu miyagu, taken jaruman talaka kuma ya zama magana ta fatar baki, ana faɗa ana tafiya sararin samaniya. Shi Stuart Clarke ɗin, bayan kusan shekara talatin, marubuci Matt Fraction ya tono shi ya mayar da shi mai haɗa wa Punisher, mai farautar masu laifi, makamai, wanda ke nuna maka akwai masu karatun da ba su manta da shi ba.

Me ya sa aka saki hanyar? Babban dalili shi ne hannu ya yi yawa. A cikin fitowa 17 an yi marubuta uku, Isabella da Claremont da Bill Mantlo, da masu zane huɗu, Don Heck da George Tuska da Bob Hall da John Byrne. Tafiyar Isabella zuwa kamfanin DC, abokin hamayyar Marvel, a 1976, inda Black Lightning ya fito a shekara mai bi, ta bar labarin Rasha, wanda zan zo kansa a gaba, a tsakiya, Mantlo ya gaje shi. Kujerar babban edita ita ma ba ta zauna ba: daga Wein zuwa Marv Wolfman, zuwa Gerry Conway da bai daɗe ba, zuwa Archie Goodwin, sannan Jim Shooter a farkon 1978. Babu wanda ya zauna da mujallar tsawon lokacin da zai tambayi kansa ina aka dosa. Ga kuma yadda Marvel ke aiki a lokacin: marubuci ya ba da ƙashin labari, mai zane ya zana shafuka, sannan a dawo a sa magana a bakin mutane. In marubuci da mai zane sun saba da juna, wannan tsari yana haifar da abin mamaki. In kowane wata biyu sabon hannu ne, abin da ya fi sauƙi shi ake yi, wato a cika shafi da dambe.

Sai kasuwa. A wancan zamani galibin mujallun nan a wurin masu jaridu da kantunan unguwa ake sayar da su, abin da bai sayu ba a mayar wa kamfani, lissafin ciniki kuma sai bayan watanni yake isowa. Farashin ya tashi daga santi 25 zuwa 30 zuwa 35 a cikin ɗan rayuwar mujallar, shafukan labari kuma ba su wuce 17 ko 18 ba, sauran talla ne. Yawancin lokaci bayan wata biyu-biyu take fitowa. Yaro mai santi 30 a aljihu, da zai zaɓa tsakanin Spider-Man da wata tawaga da ya manta inda labarinta ya tsaya tun watanni biyu da suka wuce, ka san abin da zai ɗauka.

Zane na farkon ma bai taimaka ba, ko da yake ba na son yadda ake yi wa Don Heck rashin adalci. Shi ne ya fara zana Iron Man, shi ya fara zana ita Black Widow ɗin a 1964, kuma gwani ne wajen zana mutane cikin tufafin yau da kullum, fuska da tsayuwa da kallon ido. Dodannin Olympus ba fagensa ba ne. Da labarin abokai biyu a kan hanya aka ba shi, da ya yi abin a zo a gani.

Fitowa ta 7 zuwa ta 10 labarin Black Widow ne, kuma nan ne mujallar ta fara samun jini a jiki. Wata tawaga da aka turo daga Rasha, da Titanium Man da Crimson Dynamo da Darkstar, tare da Griffin da Rampage, suka zo kama ta da tsohon malaminta na leƙen asiri. Wanda ke cikin rigar Crimson Dynamo kuwa Yuri ne, ɗan Ivan Petrovitch, dattijon da ya raini Natasha, wato Black Widow, kuma yake direbanta. An cusa wa yaron cewa ubansa maci amana ne. Nan ka ga abin da ake nufi da dalili: faɗan yana da zafi saboda akwai uba da ɗa a cikinsa. A ƙarshe Darkstar, wato Laynia Petrovna, wadda a fitowa ta 7 aka fara ganinta a duniyar Marvel, ta juya wa waɗanda suka turo ta baya ta zauna da Champions. Zuwanta ya kawo abin da aka rasa tun farko, wato ji da ƙi a tsakanin 'yan tawagar. Iceman ya kamu da sonta, ita kuma ba ta ɗauke shi haka ba. Ghost Rider bai yarda da ita ba, yana ganin an karɓi baƙuwa hannu biyu-biyu shi kuwa har yanzu ana ɗari-ɗari da shi. Wannan ƙorafi nasa gaskiya ne, kuma shi ne karo na farko da kasancewarsa a tawagar ta yi ma'ana.

Wani abu da ba a cika yaba wa mujallar a kai ba: Black Widow ce shugaba. Ba ta da ƙarfin kowa a cikinsu, ba ta tashi sama, ba ta ƙona kowa, amma ita ke ba da umarni kuma Hercules da duk girman kansa yana bi. Wannan kafin Storm ta karɓi ragamar X-Men a 1980 ne, kafin Wasp ta shugabanci Avengers a 1982. An sa ta ne don a cika gurbin mace, sai ta zama mutum ɗaya tilo da matsayinta a tawagar bai buƙaci bayani ba.

Daga fitowa ta 11 John Byrne ya karɓi zane, kuma bambancin a bayyane yake tun daga shafin farko. Matashi ne a lokacin, bai yi suna ba tukuna, amma ya san yadda ake tsara mutum shida a cikin akwati ɗaya kowa yana yin abin da ya dace da halinsa. Ƙanƙarar Iceman ta zama mai kaifi da sheƙi, baƙin ƙarfin Darkstar ya zama abu mai nauyi da ido ke gani. Ta 11 ta kawo Hawkeye da Two-Gun Kid baƙunta, ta 12 da 13 suka tafi da Black Goliath cikin rikicin Stranger da wani bam mai haɗiye duniya. Sai ta 14 da 15, waɗanda su ne abin da mujallar ta bar wa Marvel gado: Swarm. Fritz von Meyer masanin ƙudan zuma ne na 'yan Nazi da ya gudu Kudancin Amurka, ya yi gwaji a kan wasu ƙudan zuma da suka rikiɗe, suka cinye namansa, hankalinsa ya watsu a cikinsu. Abin da ya rage shi ne ƙwarangwal da dubban ƙudan zuma suka lulluɓe cikin siffar mutum, da mayafi a kafaɗa. A shekarun nan Amurkawa suna cikin fargabar labarin ƙudan zuma masu kisa da suka kuɓuce a Brazil a 1957 suna hawowa arewa, Mantlo ya ɗauki wannan fargaba ya ba ta fuska. Yadda Byrne ya zana jikin, ɗigo-ɗigo, gefensa kullum yana watsewa, har yau yana sa tsigar jiki tashi. Swarm ya rayu bayan mujallar, ya koma cikin abokan gaban Spider-Man.

Amma ko a waɗannan fitowa masu kyau, dubi inda talaka yake. Babu shi. Wurin da ya rage kawai shi ne wani zare da Mantlo ya riƙa ja a gefe: dogon ginin da Angel ya kashe kuɗi ya mayar hedikwata, da jirgin da aka ƙera musu, duk an yi musu algus da kayan aiki marasa inganci, na'urori suna lalacewa, wani lokaci ma su juya kan masu gidan. Ina ganin Mantlo ya san abin da yake rubutawa.

Ƙarshen ya zo ba shiri. Byrne ya koma X-Men daga fitowa ta 108 a ƙarshen 1977, inda shi da Claremont suka yi aikin da ya sauya kamfanin. Fitowa ta 16 ta Champions rabin labarin wata mujalla ce, Super-Villain Team-Up, inda Doctor Doom ya mallake hankalin duniya da hayaƙi, Magneto yana neman mai taya shi. Ta 17 ta kawo Sentinels da Vanisher da Blob, tsofaffin abokan gaban X-Men, ta ƙare ba tare da sallama ba. Wanda ya saya bai san ita ce ta ƙarshe ba.

Sallamar tana wani wuri, kuma ita ce abin da na fi so a duk tarihin tawagar. A Peter Parker, The Spectacular Spider-Man fitowa ta 17 da 18, a 1978, Mantlo da mai zane Sal Buscema suka tura Peter Parker, wato Spider-Man, Los Angeles ya ɗauko hoton rushewar Champions. Ya isa gindin ginin, gilasan taga suka ɓalle daga sama suka nufo kansa. A ciki ya tarar da Angel shi kaɗai a cikin ɗakunan da babu kowa, yana ba da labarin yadda aka watse: ba wani mugu ne ya ci su da yaƙi ba, gardama ce ta tashi, Ghost Rider ya fice, Darkstar ta ce gida za ta koma, Iceman ya tafi da ciwon zuciyarsa, Hercules da Black Widow suka fita tare. Angel yana roƙo babu mai juyowa. Rampage ma ya dawo a labarin, a naƙashe, ya mallake hankalin Iceman ya tura shi kan abokinsa. Ba kasafai kamfani ke barin marubuci ya faɗi gaskiya haka a kan kayansa ba, cewa mutanen nan ba su taɓa zama tawaga ba, mutum ɗaya ne yake son abin kuma kuɗinsa bai isa ya riƙe sauran ba.

Game da rashin jin ɗuriyarta da ka tambaya, akwai dalili na shari'a ban da na ciniki. Bayan Marvel ta ajiye sunan, wani wasan tebur na jarumai mai suna Champions ya fito a 1981, daga baya aka yi mujallun zane a kansa, waɗanda suka koma hannun kamfanin Heroic Publishing. A 1988 ofishin rajistar alamun kasuwanci na Amurka ya yanke cewa Marvel ta yi watsi da sunan. Shi ya sa a 2007, da Matt Fraction ya shirya sabuwar tawagar Kalifoniya da wannan suna, sai aka sauya ta zuwa The Order. Sai a 2016 Marvel ta sake fitar da mujalla mai suna Champions, ta Mark Waid da Humberto Ramos, amma wannan ta matasa ce, Kamala Khan da Miles Morales da Nova da sauransu, kuma babu abin da ya haɗa su da na 1975 sai suna. Su kuwa na asalin, Angel da Iceman sun shiga Defenders a 1983 sannan X-Factor a 1986, Hercules da Black Widow suka ƙare a Avengers. Los Angeles ta jira har 1984 kafin West Coast Avengers su zo su zauna da gindinsu.

In za ka karanta, ga shawarata. Kada ka fara da neman tsofaffin fitowa ɗaya-ɗaya, takardar wancan zamani mai arha ce, ta yi ja ta yi rauni, kuɗin aikowa kuma zai fi kuɗin kayan. An tattara su a littafi biyu masu suna Champions Classic a 2006 da 2007, sannan a kundi guda na Marvel Masterworks a 2016. Ka karanta fitowa ta 1 don ka ga yadda aka haɗu, kana iya tsallake ta 2 da ta 3 in Olympus bai dame ka ba. Ka zauna da ta 5 da ta 6 a tsanake. Ka bi ta 7 zuwa ta 15 a jere ba tsallake. Daga nan ka wuce kai tsaye zuwa fitowa biyun nan na Spider-Man. In kuma kana son ganin Hercules a ranar da ya fi jin daɗin kansa, ka nemi Godzilla fitowa ta 3 ta 1977, inda Champions suka tare dodon a San Francisco, Hercules ya shiga ƙarƙashin ƙafarsa ya ɗaga ya kayar da shi.